Mata Ɗari Uku da Yatsa Guda

Allah ya yi wa garinmu Kwaren Aduwa baiwa uku: albasa, duwatsu, da Mushe Abdulmumin. Albasa ana loda ta a kai kasuwar Buza. Duwatsu ana jera su a gona su tare ruwan sama. Shi kuwa Mushe Abdulmumin, mushen Faransanci wato Malam, ba a kai shi ko'ina, don har yau ba a ƙera motar da za ta ɗauki nauyin iliminsa tayoyinta su kai labari ba.

Shi ne mai riƙon ɗakin ajiyar takardu na meri, wato ma'aikatar magajin gari. Duk abin da aka taɓa rubutawa a kan garin nan tun zamanin Nasara yana hannunsa: wanda aka haifa, wanda ya yi aure, wanda ya saki, rijiyar da aka haƙa, iyakar gonar da aka yi faɗa a kanta. Mu jahilai muna cewa ɗakin takardu. Shi yana cewa "arshib", kuma in zai faɗi sai ya lumshe ido, kamar wanda aka sa wa zuma a harshe.

Ku gan shi da safe in zai tafi aiki, ku gode wa Allah da ya bar ku da idanu. Makullai goma sha tara a ƙugu, ɗakin kuwa kwaɗo biyu gare shi. Bik uku na rubutu a aljihun gaba, ja da baƙi da shuɗi. A wuya ga wani kati mai igiya da aka ba shi a taron kwana uku da ya je Tawa shekara bakwai da suka wuce. An gama taron, kowa ya tuɓe nasa ya ba yara wasa, shi bai tuɓe ba. Matarsa ta ce ko wanka zai yi sai ya rataye shi inda zai riƙa hango shi. Mata suka sa masa Sarkin Armuwar, saboda manyan armuwar, wato kabad na ƙarfe, guda huɗu da yake mulki a kansu, ya ji, ya ce ai sun rage masa, amma ya karɓa don talakawa iyakar fahimtarsu ke nan.

Sai dai a faɗi gaskiya, rubutu gare shi. Kai! In ya ja harafi guda sai ka ga kamar amarya ta fito wanka. Mai wutsiya ya yi mata lanƙwasa, mai ciki ya cika mata ciki, layi kuwa ba ya ja sai da regil, wato rula. Takarda ba ya taɓa ta da hannu tsirara, sai da farar safar hannu. Abu guda dai mutane suka kasa ganewa: babban yatsansa na dama kullum shuɗi yake, shar, kamar an fito da shi daga marina. Ga wani tabo da ya ratsa shi, inda reza ta taɓa yanka shi yana gyara gefen takarda. Yana shafa masa man kaɗe safe da yamma. In za ku gaisa sai ya ɗage shi sama kada ka murje masa. In an tambaya sai ya ce, "Alamar aiki ce. Ba kowa zai gane ba." Wallahi ya yi gaskiya, ba mu gane ba.

Daga taron Tawa ɗin nan ya dawo da zazzaɓin gyara. Ya buɗe tsofaffin kundaye, ya ga abin da ya tsayar masa da numfashi. Takardu sun yi ja da ƙasa. Wannan da maiƙon ƙuli-ƙuli, wancan da shatin ƙoƙon shayi, wani da gyare ya mutu a tsakiya tun kafin a haifi magajin gari. Uwa uba yatsun mutane. Ko'ina yatsu: na manoma masu kaushi, na mata masu lalle, wani ya karkace, wani ya goge, wani an danna shi sau biyu don mai shi ya yi atishawa.

Ya tara ma'aikatan meri, ya hau kan dakali.

"Bon. 'Yan uwa, na duba tarihin garin nan, na same shi da dauɗa. Gari mai daraja ba ya zama da tarihi mai maiƙo. Donk, ni Abdulmumin, na ɗauki nauyin wanke shi. Zan sake rubuta shi tun daga farko, shafi shafi, da hannun nan. Ba na neman godiya. In an ga dama a sa sunana a ƙofar ɗakin, da manyan haruffa, ba zan hana ba."

Shekara biyar yana kwafa. Ba wanda ya leƙa, don ba wanda aka bari ya leƙa. Ranar da ya kai aya ta ƙarshe ya kira Mato. Mato shi ne tsohon da ke share meri tun magajin gari na farko, bai san harafin boko ko guda ba, ba ya kuma yawan magana. Mushe ya nuna masa tsibin tsofaffin kundaye, ya ce a kai bayan gari a ƙone.

Mato ya tsaya yana duban tsibin. Ya ce, "Mushe, akwai Abdullahi ciki?"

"Ɗaruruwa."

"Akwai Muhammadu?"

"Dubbai. Kai dai kwashe."

Mato ya ce to. Ya kawo amalanken jaki, ya yi sawu tara. Kwana uku hayaƙi na tashi bayan gari, baƙi ƙirin, mai warin tsohuwar taya. Mushe ya ce haka tsohon tarihi yake wari. Ya sa aka ɗauke shi hoto yana nuna hayaƙin da shuɗin yatsansa, ya kafa hoton a bango.

To, ana nan sai maganar gonar Fatsima ta taso.

Wanda bai san Fatsima ba, ita ce 'yar tsohuwar nan mai tafiya kamar ana binta, wadda take riƙe muciya da yatsu huɗu. Shekarun da aka yi aikin duwatsu, lokacin da maza suka watse neman abinci Ikko da Abijan, mata ne suka fita kan fako, ƙasar nan mai tauri da ko tsiron ƙaya ba ta fitarwa. Suka ɗauko duwatsu a ka daga tsauni, suka jera su layi layi don ruwa ya tsaya ya shiga ƙasa. A wannan aikin wani dutse ya faɗo wa Fatsima a hannun dama ya tafi da babban yatsanta. Ta ɗaure da tsumma, bayan kwana goma ta koma. Da ƙasa ta farfaɗo, aka raba ta ga matan da suka yi aikin, su ɗari uku da goma sha biyu, aka rubuta a kundi kowace ta sa yatsa. Masu tsohon fakon su ma suka sa hannu cewa sun bayar. Wanda ya ba da wajen da ya faɗo wa Fatsima shi ne marigayi Malam Ɗangana.

Yau shekara talatin da 'yan kai, wajen ya zama gona. Gawo bakwai, hatsin da ke cika rumbu, wake a ƙarƙashi. Da shi take ci da jikoki huɗu da ɗanta ya bar mata. Sai Yaƙubu ɗan Malam Ɗangana ya dawo daga Agadas, ya zagaya gonar sau biyu, ya tuna cewa ubansa aro ya ba da, ba kyauta ba. Ya kai ƙara. Aka ce alƙali zai zo daga Buza ranar Alhamis ta sama ya saurara a farfajiyar meri. In takarda ta nuna kyauta ce, gona ta Fatsima. In babu takarda, ta kwashe jikokinta ta san inda za ta nemo musu tuwo.

Fatsima ta tafi wajen Sarkin Armuwar.

"Mushe, ɗana, takardar gonata nika biɗa. Ta matan duwatsu."

"Madam," in ji shi, ita da ta yi goyon uwarsa, "arshib ba kasuwa ba ce. Akwai prosedir. Sai ki rubuto buƙata."

"Ni da ban san alif na boko ba?"

Allah sarki, mutumin kirki. Ya tausaya mata. Ya zauna ya rubuta buƙatar da kansa, zuwa ga Mai Girma Mai Riƙon Arshib, da gaisuwa layi shida. Ya ninke, ya ba ta, ya ce ta fita ta yi sallama ta shigo. Ta fita, ta yi sallama, ta shigo, ta miƙa masa. Ya sa safar hannu, ya warware, ya karanta a tsanake yana gyaɗa kai, ya ce wanda ya rubuta wannan ya san aiki. Ya buga hatimi. Ya ce ta dawo jibi.

Jibi ta dawo, ya ba ta amsa a rubuce, cewa an karɓi buƙatarta ana nazari. Ta ce ya karanta mata. Ya karanta mata sau biyu, don na farko bai ji daɗin yadda ya fitar da muryarsa ba. Ta dawo ranar Litinin, ya ce an tura maganar gaba. Ta ce gaba ina? Ya nuna ɗaya gefen teburinsa.

Ranar Laraba ta zauna a bakin ƙofa ta ce ba ta tashi. Sai ya fito ya yi mata albishir: ba zai ba ta kwafi ba, don kwafi na ƙananan mutane ne. Shi da kansa zai kawo kundin gaban alƙali gobe, duniya ta gani.

Duniya kuwa ta zo. Ranar Alhamis farfajiyar meri ta cika, mata a gefe guda, maza a gefe guda, masu goro da masu ruwan sanyi a tsakani. Alƙali ya zauna ƙarƙashin itacen bedi, wato darbejiya, wani siririn mutum mai tabarau wanda ba ya ɗaga murya. Fatsima a kan tabarma da jikokinta. Yaƙubu a kan benci, ya sha shadda.

Sai ga Mushe. Ya ɗoro kundin a kan matashin kai, ya riƙo da hannu biyu, yana takawa ɗaya ɗaya, makullai na yi masa kiɗa. Mato na biye da shi riƙe da lema. Kada ku ce Mushe ake yi wa inuwa, a'a, kundin. Mushe ya yarda rana ta gasa shi saboda tarihi, ya kuma tabbatar kowa ya ga yana gasuwa.

"Mushe alƙali, manyan baƙi, jama'ar Kwaren Aduwa. Bon. Kafin ni, garin nan yana da jiya, amma ba shi da tarihi. Abin da za ku gani yanzu ko a Yamai sai an yi layi ake ganinsa. Ku matso, amma kada ku yi numfashi a kansa."

Ya buɗe. Jama'a suka ce kai! Fari fat, layuka a miƙe, sunaye da jan bik, kowane da yatsa a gabansa, shuɗi, dagwas, kamar an jera ƙwai. Ya karanto: Fatsima, gona ta ɗari da arba'in da ɗaya, kyauta daga Malam Ɗangana, ga yatsan mai bayarwa, ga yatsan mai karɓa. Mata suka rangaɗa guɗa. Fatsima ta share ido da bakin zane.

Yaƙubu ya ce a ba shi izini ya duba. Ya sunkuya, ya daɗe, sai ya miƙe yana murmushi.

"Ranka shi daɗe, wanga yatsa na gaban sunanta, wane yatsa na?"

Alƙali ya duba ya ce babban yatsan dama ne.

"Inna Fatsima, ɗaga hannunki na dama mutane su gani."

Ta ɗaga. Yatsu huɗu da ɗan kututture.

Guɗa ta mutu a maƙogwaro. Yaƙubu ya juya ga jama'a. "Kowa ya san dutse ya cinye shi tun kahin a raba gonaki. To wa ya ara mata wanga? Kuma ubana bai taɓa dangwala yatsa ga takarda ba, malami na, da alƙalaminai shika sa hannu. Wagga takarda ƙarya ta!"

Fatsima ta dubi hannunta, ta dubi kundin. "Ranka shi daɗe, da manuniya na sa. Wallahi da manuniya na sa. Akawun da ya rubuta ma har ya yi dariya."

Alƙali ya jawo kundin gabansa. Ya ari madubin ƙara girma da ke rataye a ƙirjin Mushe, ya duba yatsan Fatsima. Ya duba na Malam Ɗangana. Ya duba na ta sama da na ta ƙasa. Ya juya shafi, ya sake juyawa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Mushe Abdulmumin, matan garin nan duka reza ta yanka su a waje guda?"

"Kamar yaya, Mushe alƙali?"

"Tuɓe safar nan."

Ya tuɓe. Shuɗin yatsa ya fito rana, yana ƙyalli da man kaɗe, da tabonsa a ratse.

Ku a zatonku kunya ta kama shi? Ba ku san manya ba. Fuskarsa ta washe, don shekara bakwai yana jiran wanda zai lura.

"Bwala! Na san mai ilimi zai gani. Mushe alƙali, doka ta ce kowane suna da yatsa a gabansa. Yatsun da na tarar kuwa abin kunya ne, wani da lalle, wani da ƙasa, ba biyu da suka yi kama da juna. Yatsa ba ya kwafuwa da bik. Donk na sadaukar da nawa. Dubu goma sha ɗaya da ɗari shida, ni kaɗai, ba mataimaki. Duba yadda suka daidaita!"

Alƙali ya ce a kawo sauran kundaye. Aka kawo. Ya buɗe na aure.

"A nan na ga ka auri wata Hajjo shekara biyu kafin a haife ka."

Hajjo na zaune cikin mata, ba haƙori ko guda. Ta ce, "Ni? Wanga? To ina tuhwahin sallata na shekara arba'in?"

"Kai ne kuma waliyyinta. Kai ne shaidu biyu. A shafi na gaba ka sake ta."

"Bai kyauta ba!" in ji Hajjo. Farfajiya ta kece. Mai ruwan sanyi ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki.

Alƙali ya buɗe na haihuwa. "Ranar da aka haife ka, kai ka zo ka ba da sanarwa."

"Don tabbatar da inganci, Mushe alƙali."

Mutane suna ta faɗuwa kan juna, amma Fatsima ba ta yi dariya ba. Ta gane abin da sauran ba su kai ga ganewa ba. Alƙali ya rufe kundin, ya ce wannan rubutu ne mai kyau, amma ba shaida ba ce, yatsan mutum guda ba ya ba kansa gona ya karɓa. Ya ce a kawo na asali.

Mushe ya gyara katin wuyansa. "An ƙone su, bisa prosedir. Akwai hoto."

Alƙali ya dubi Fatsima, ya yi magana a hankali. Ya ce ba ya musun ta yi aiki, Yaƙubu ma bai musa ba. Abin da ake nema shi ne shaidar cewa kyauta ce ba aro ba, kuma wadda ke akwai ta zama toka. Fatsima ta jawo ƙaramar jikarta ta rungume. Yaƙubu ya fara gyara hula.

Sai Mato ya rufe lema.

"Ranka shi daɗe, in na yi magana Mushe shina kora ta aiki?"

Alƙali ya ce ya faɗi, ba mai korar sa.

"Ban ƙone ba."

Mushe ya ce, "Hayaƙin fa? Kwana uku!"

"Tayun tasha na, Mushe, da kashin jaki. Ni tun ina yaro, in munka ga takarda ƙasa mai sunan Allah, ɗauka mukai mu soke ga bango inda ƙahwa ba ta kai. Ka ce mani akwai Abdullahi ɗaruruwa, akwai sunan Manzo dubbai. Ga yatsun mutanen da sunka riga mu, har na uwata. In sa musu wuta da hannuna? Bangon gidana kuwa bai isa ba. Sai na kai su rumbu."

Ranar nan shari'a ta tashi da ƙafafunta. Alƙali a gaba, Mato na nuna hanya, gari duka a baya, har awaki. Mushe na tsakiya yana faɗa wa duk wanda ya matso cewa wannan rashin ɗa'a ne ga hukuma. A bayan gidan Mato ga wani tsohon rumbun ƙasa, ƙato, mai ciki kamar tulu, an ɗora shi kan duwatsu, da hular ciyawa a ka. Irin rumbunanmu dai, ƙofarsa a sama take. Mato ya jingina tsani, ya hau da shekarunsa saba'in, ya ture hular, ya zura ciki. Ƙamshin ganyen bedi da toka ya bugo mutane. Yadda ake ajiye hatsi haka ya ajiye su: toka a ƙasa saboda gara, ganye tsakani saboda ƙwari, kowane kashi an ɗaure shi da kaba kamar dami.

Nan ne kawai alƙali ya ɗaga murya, ya tambayi Mato kwana nawa zai ɗauka ya nemo, tunda ba ya karatu.

Daga cikin rumbu muryar Mato ta fito. "Na matan duwatsu? Shi ad da jar ƙasa ga baki. Ga shi."

Ko ruwan shayi bai isa tafasa ba.

Aka shimfiɗa zane a ƙasa aka buɗe. Ga su nan, yatsu ɗari uku da goma sha biyu, ba biyu masu kama da juna, wasu da jan lalle a gefe, wasu ƙasa ta bushe a jikinsu. Mata suka yi ca, kowace na neman nata ko na uwarta. A layi na ɗari da arba'in da ɗaya, wani ɗan siririn yatsa, a karkace, da rubutun akawu a gefe cewa mai shi ba ta da babban yatsa. Aka shafa wa Fatsima tawada a manuniya, ta danna a farar takarda. Alƙali ya duba da madubin Mushe, ya gyaɗa kai.

A ƙasan shafin kuma ga layi biyu da ajami, da tawadar allo. Mushe bai iya karanta ajami ba, shi ya sa a nasa kundin ya share shi ya dangwala yatsa a wajen. Alƙali ya miƙa wa Yaƙubu.

Yaƙubu ya karɓa. Da wannan hannun aka rubuta masa allonsa na farko, ba ya buƙatar madubi. Ya karanta a fili: "Ni Ɗangana na ba da wanga hwako don Allah, ga wadda ta raya shi, ita da ɗiyanta da ɗiyan ɗiyanta." Sannan ya cire hula ya durƙusa.

"Inna, ki gahwarce ni."

"Tashi, kada ka ɓata shaddarka," in ji Fatsima. "In kaka ta yi ka aiko a ɗibar maka wake."

Alƙali ya yanke: gona ta Fatsima. Guɗar da ta maƙale ɗazu ta fito da 'yan uwanta.

Ana cikin haka sai aka ji gyaran murya. Mushe ya hau kan turmi.

"Bon. Kamar yadda kuka gani, tsarin da na shimfiɗa ya yi aiki. Wannan rumbu reshen arshib ne, wanda na daɗe ina da niyyar in yi tunaninsa."

Alƙali ya ce madalla, tunda reshensa ne, sai ya shiga ya lissafa kowane kundi kafin a mayar da su meri, kuma daga yau kwaɗo na biyu makullinsa a hannun Mato. Mushe ya hau tsani da darajarsa. Ya zura ƙafafu, ya zura ciki, makullai goma sha tara suka maƙale a bakin rumbu. Ya tsaya nan, rabi a tarihi rabi a waje, katin Tawa na lilo. Ya ce Mato ya ja shi. Mato ya ce shi bai san prosedir ɗin ba. Sai da aka kawo man kaɗen yatsan aka shafa masa a ƙugu.

Ku ce an gama? Saura kaɗan. Ashe a saman shafin matan duwatsu akwai wani alkawari, Mushe ya kwafe shi da kyakkyawan rubutunsa bai tsaya ya ji abin da yake cewa ba: duk wadda ta sa yatsa a nan ta ɗauki nauyin gyara jerin duwatsun gonarta kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Hajjo, tsohuwar matarsa ta takarda, ita ta sa aka karanta wa mata wajen sau uku.

Ranar Asabar da hantsi, hadari ya fara haɗuwa gabas, sai ga mata sun cika ƙofar arshib. Fatsima a gaba, riƙe da sabon gammo, an naɗe shi da shuɗin ƙyalle don ya dace da yatsa.

"Mushe, ɗana, ga tukuicinka. Kundinka mai tsabta ya ce kai ka yi alkawalin gonaki ɗari uku da sha biyu. Mu namu mai dauɗa na, ba a aiki da shi, kai ka hwaɗi. Duwatsu na jiran ka."

Mushe ya dubi gammo, ya dubi mata, ya nemi Mato da ido, Mato na shara. Ya miƙe tsaye iyakar tsawonsa.

"Madam, akwai prosedir. Sai an rubuto buƙata."

"To rubuta ma kanka," in ji Fatsima, ta ɗora masa gammon a ka. "Ka hita ka yi sallama ka shigo, ka amsa ma kanka, ka iske mu gona. Ka hwara da ta Hajjo, ita ce uwargida."